Tsofaffin zanen tsirran magani: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Hotunan tsofaffin zanen tsirrai sun yawaita a wayoyin mutane. Za ka ga reshe da furensa an zana shi tsaf a kan takardar da ta yi ja don tsufa, a ƙasa ga suna da harshen Latin, a sama kuma wani ya ɗora nasa rubutu yana cewa ganyen kaza ne, yana maganin kaza. Yawancin waɗannan zane-zane daga littattafan Turai aka ciro su, waɗanda aka buga tsakanin 1530 da wajen 1900, lokacin da likita da mai haɗa magani suka dogara da zane wajen gane tsiro. Aikin masu zanen ya cancanci girmamawa, kuma har yau masana tsirrai suna komawa gare shi. Wahalar tana wajen karanta shi. Wanda bai san yadda aka yi zanen ba, da shekarar da aka yi shi, da ma'anar ƙananan rubuce-rubucen da ke gefensa, yana iya ɗaukar itace mai guba a matsayin na magani, ko ya sayi bugun bara da kuɗin na shekara ɗari biyu, ko ya lalata na ainihin da hannunsa yana ganin gata yake yi masa.

A kalli ganye a ce an gane

Wannan ya fi kowane kuskure yawa, kuma shi ne ya fi haɗari. Mutum zai ga siffar ganye ya ce ai itacen bayan gidanmu ne. Kama da wane ba ta wane. Tun zamanin Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, da fure da 'ya'ya ake rarrabe tsiro, domin ganye yana sauya kama gwargwadon ƙasa da ruwa da inuwa da shekarun itacen, fure kuwa bai cika sauyawa ba. Shi ya sa a zanen da aka yi daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa gaba za ka ga wasu ƙananan zane-zane a ƙasan babban reshen, kowanne da lambarsa: fure ɗaya an tsaga shi a tsaye, siraran zaren da ke ɗauke da garin fure, ɗan itacen an yanka shi a kwance, ƙwayar iri ta waje da ta ciki. Mutane sukan ɗauka ado ne, har masu yaɗa hoton su yanke wurin su watsar. A nan shaidar take.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi. A 1753 Linnaeus ya sa mata suna Melia azadirachta, ya kuma sa wa wata 'yar uwarta Melia azedarach, sunaye biyu da haruffa kaɗan suka raba. Sai a 1830 aka ware wa darbejiya nata jinsin ta koma Azadirachta indica. Ɗayar ita ce kurnar nasara, wadda 'ya'yanta guba ne ga yara da dabbobi. Idan ka tsaya ga ganye daga nesa, su biyun ƙananan ganyaye ne masu baki kamar zarto. Amma a darbejiya ganyayen jere suke a kan kara ɗaya, kowanne ya ɗan lanƙwashe kamar lauje, furenta fari ne, ɗanta mai ɗan tsawo kamar zaitun. A kurnar nasara karan ganyen ya sake rarrabuwa zuwa wasu ƙananan karare kafin ganyayen su fito, furenta ruwan shuni-shuni ne da bututu mai duhu a tsakiya, 'ya'yanta zagayayyu ne, rawaya, suna daɗewa a rataye bayan ganye ya kaɗe.

Gyaran shi ne a daina kwatanta zane da abin da ake tunawa a ka. A tsinko reshe ɗanye mai fure ko 'ya'ya, a ajiye shi kusa da zanen, a bi shi gaɓa-gaɓa. Ganyayen suna fuskantar juna ne a kan kara ko bi da bi suke fitowa? Ƙananan ganyaye nawa ne a kara ɗaya, kuma akwai guda ɗaya tilo a ƙarshe? Fatun fure nawa ne? In an yanka ɗan itacen, ɗaki nawa ne a ciki, ƙwaya nawa? Akwai ƙaya, akwai gashi, akwai farin ruwa kamar na tumfafiya? Abu ɗaya daga cikin waɗannan in ya saɓa, to a dakata. Idan kuma itacen ba ya da fure ko 'ya'ya a wannan lokacin, a jira lokacinsa.

Ɗaukar sunan da ke ƙasan zane a matsayin sunan yau

Sunayen Latin ma suna sauyawa, kuma itatuwan ƙasar Hausa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Bagaruwa a tsofaffin littattafai Acacia arabica ce, daga baya ta zama Acacia nilotica, yanzu kuma Vachellia nilotica. Gawo ya tashi daga Acacia albida zuwa Faidherbia albida. Kaɗanya, wadda aka buga zanenta a littafin tafiyar Mungo Park na 1799, ta amsa Bassia parkii da Butyrospermum parkii kafin ta tsaya a Vitellaria paradoxa. Zogale za ka same shi a matsayin Moringa pterygosperma, lalle kuma Lawsonia alba. Wanda ya nemi sunan yau kaɗai zai ce babu zanen itacen, wanda kuma ya ga tsohon suna zai ɗauka wani itace ne dabam daga wata ƙasa.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne dangin tafasa. A da duk Cassia ake ce musu, yanzu an mai da su Senna. Tafasar da ake ci, wadda tsofaffin littattafan Afirka ta Yamma suke kira Cassia tora, ita ce Senna obtusifolia: ƙananan ganyaye shida biyu-biyu masu faɗi da zagayayyen kai, da siririn kwanso dogo. Rai ɗore shi ne Senna occidentalis, ganyensa masu tsini, kwansonsa a ɗan daɓe, kuma ɗanyen irinsa yana cutar da hanta. Sanamakin da likitocin Turai da Larabawa suka yi ta zanawa don wanke ciki, Cassia acutifolia ko Cassia angustifolia, yanzu duk Senna alexandrina ne. Filasko kuwa Cassia obovata ne a da, yau Senna italica. Duk huɗun furensu rawaya ne. Wanda ya ga kalmar Cassia da rawayan fure ya ce tafasa ce, ya haɗa kayan miya da maganin gudawa da irin da ke da guba a kwando ɗaya.

Goro ma haka ne. Bafaranshen nan Palisot de Beauvois, wanda ya sauka a Warri a 1786, ya buga zanen wani goro da ya kira Sterculia acuminata, wato Cola acuminata na yau, wanda Yarbawa ke ce wa abata, mai ɓari uku zuwa shida. Goron da fataken Hausa suka yi ta kawowa daga Gwanja shi ne Cola nitida, mai ɓari biyu. A duba ƙaramin zanen ƙwayar a ƙirga ɓarin.

Hanyar gyara ba ta da wuya. A kwafi sunan gaba ɗaya, har da gajerun haruffan da ke bin bayansa, irin su L. ko Del. ko A. Juss., domin su ne sunan masanin da ya raɗa shi, kuma suna ɗaya yakan zo daga masana biyu a kan tsirrai biyu. A sa shi a shafin Plants of the World Online na lambun Kew da ke Landan, zai nuna sunan da aka amince da shi yau da ƙasashen da tsiron ke fitowa. In zanen ya girmi 1753, sunan na iya zama doguwar jimla mai kalma shida ko goma, to sai an nemi littafin da aka ciro shi. Shafin Biodiversity Heritage Library yana da dubban irin waɗannan littattafai kyauta. Wajen sunan Hausa, ƙamus ɗin tsirrai na Dokta J. M. Dalziel na 1916 da babban littafinsa na 1937 kan tsirran Afirka ta Yamma masu amfani suna da taimako ƙwarai, sai dai a tuna da tsohuwar ƙa'idar rubutu ya yi aiki, inda ceɗiya take farawa da ch, kuma nasa sunayen Latin ɗin ma da yawa sun tsufa. A kuma tuna sunan Hausa ɗaya yakan hau tsiro biyu: citta mai yatsu saiwa ce, citta mai 'ya'ya kuwa wani tsiro ne dabam da irinsa ake amfani da shi.

Wannan matsala ta suna tsohuwa ce. Lokacin da aka fassara littafin tsirran magani na Dioscorides, likitan Girka na zamanin da, daga Girkanci zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, tsirrai da yawa haka aka bar su da sunayensu na Girkanci cikin haruffan Larabci, domin masu fassarar sun ƙi su yi kintace. Masanan Andalus ne suka zo daga baya suka yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya. A ganinmu wannan taka-tsantsan nasu ya fi dacewa da koyi fiye da saurin raɗa wa kowane zane sunan gida.

Yarda da launi, girma da ɓangaren da abu ya fuskanta

Kafin bugun launi ya yaɗu a ƙarni na 19, baƙi da fari ake bugawa, sannan a zauna a shafa launi da hannu, kwafi bayan kwafi. Elizabeth Blackwell, wadda ta fitar da zane 500 na tsirran magani a Landan tsakanin 1737 da 1739, ita ta zana, ta sassaƙa, ta kuma shafa launin. A wasu ɗab'o'in kuwa ma'aikata ne da ba su taɓa ganin tsiron ba suke kwaikwayon samfuri. Don haka kwafi biyu na littafi ɗaya kan bambanta. Sannan launukan kansu suna juyewa da shekaru. Koren da aka yi da tsatsar jan ƙarfe yakan koma ruwan ƙasa har ya ci takardar. Farin dalma yakan yi baƙi. Inda aka haɗa shuɗi da rawaya don a sami kore, rawayan yakan koɗe ya bar ganye shuɗi. Launi shi ne shaida ta ƙarshe da za a duba, bayan ƙirge da siffa sun dace.

Girma ma yana ruɗi. Babban reshen yawanci daidai girmansa ne ko an rage shi, ƙananan zanen kuma an ƙara musu girma. A nemi magn. nat., wato girman halitta, ko alamar ninki kamar ×5. Hoton da ke waya ya riga ya ɓata wannan ma'auni, sai an san girman shafin asali.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Abin da aka sassaƙa a katako ko farantin jan ƙarfe, in an buga shi, dama takan koma hagu. Idan mai sassaƙar bai juya zanen ba tun farko, tsiro mai naɗo zai fito yana naɗewa ta inda ba ya yi. A dangin doya wannan alama ce ta ganewa, domin doyar da ake nomawa da ƙosan rogo, wanda na dajinsa ke da guba, ɓangare dabam-dabam suke naɗewa. Kada a dogara da naɗon da ke cikin tsohon bugu sai rubutun littafin ya tabbatar da shi. Haka nan ganin fure da nunannen ɗa a reshe ɗaya dabara ce ta mai zane don ya nuna komai a shafi guda.

Zaton kowane tsohon zane daga tsiro aka yi shi

Tsufa ba ya tabbatar da inganci. Akwai littattafan da aka yi su da tsiron a gaban mai zane, kamar na Leonhart Fuchs da aka buga a Basel a 1542 da zane kusan 500, wanda har hotunan masu zanen uku aka sa a ciki don girmama su, ko juzu'i 12 na tsirran Malabar ta Indiya da aka buga a Amsterdam tsakanin 1678 da 1693 da taimakon masu maganin gargajiya na wurin. Akwai kuma waɗanda kwafin kwafi ne. Littafin John Gerard na 1597 yawancin katakon zanensa aro ne daga wata maɗaba'a a Frankfurt, an kuma ɗora wasu a kan bayanin da ba nasu ba, har da zanen itacen da aka ce yana haifar agwagi. Sai a bugun 1633 Thomas Johnson ya gyara da yawa. Rubutattun littattafan hannu na tsakiyar zamani sun fi haka nisa da gaskiya, inda ake zana saiwar wani tsiro da hannuwa da ƙafafu kamar mutum.

Alamar zanen da aka yi daga tsiro ita ce rashin daidaito irin na halitta, ganye ɗaya ya juya baya, wani ya yanƙwane, saiwa ta karkace. Wanda hagunsa da damansa suka yi daidai kamar aikin wuyan riga, a yi hattara da shi.

Mai da bayanin amfani takardar likita

A nan ne rayuka suke shiga haɗari. Rubutun da ke tare da zanen yana faɗin abin da likitocin wancan zamani suka gaskata. Wani ya tabbata daga baya, wani ya faɗi, wani kuma an gano yana kisa a hankali.

Wasu amfanonin daga kamanni kawai aka ciro su. An daɗe a Turai ana ganin siffar tsiro tana nuna gaɓar da yake warkarwa, shi ya sa aka ba ganye mai ɗige-ɗige sunan huhu, Pulmonaria. Aristolochia, wanda sunansa a Girkanci ke nufin kyakkyawar haihuwa, an yi ɗaruruwan shekaru ana ba masu naƙuda shi. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam mata sama da 100 suka sami mummunar cutar ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa wani Aristolochia na ƙasar Sin a ciki a madadin wani tsiro mai suna kusa da nasa. Yau an tabbatar sinadarin da ke cikin wannan dangi yana lalata ƙoda yana kuma jawo cutar daji. Muna da ɗan wannan dangi a nan, duman dutse, don haka maganar ta shafe mu kai tsaye. Cutar da ke bayyana bayan shekaru ba abu ne da likitan ƙarni na 17 zai iya haɗawa da ganyen da aka sha ba.

Kalmar officinalis ko officinale a ƙarshen suna tana nufin ana sayar da shi a shagon masu haɗa magani, ba ta wuce nan ba. Wani tsiron Turai, Symphytum officinale, yana ɗauke da sinadarai masu lalata hanta duk da wannan suna.

Sai kuma ɓangaren da ake amfani da shi. Tsofaffin littattafai suna bayyana shi da kalma ɗaya da mutane ke tsallakewa: radix saiwa, cortex ɓawo ko sassaƙe, folia ganye, flores fure, fructus 'ya'ya, semen iri, oleum mai. Zanen zurma yana cikin kusan kowane littafin magani, amma man da aka tatsa aka tace ake nufi, gubar tana zaune cikin tunkuzar, kuma tauna ƙwaya kaɗan na iya kashe yaro. Kwankwani ya shiga littattafan Turai a ƙarshen ƙarni na 19 a matsayin maganin zuciya, amma a ƙasar Hausa an san shi da dafin kibiya, kuma sinadari ɗaya ne yake yin aikin biyu. Zaƙami da idon zakara ma suna da kyawawan zane a cikin littattafan magani.

Wanda yake son ya ga yadda likita mai hankali ya bi da irin wannan tsiro ya dubi William Withering na Ingila. A 1785 ya buga sakamakon shekara goma na gwada Digitalis purpurea, wani tsiron Turai mai guba da ke aiki a zuciya, a kan masu kumburin jiki sama da 150. Ya ƙayyade lokacin tsinkar ganye, ya busar da shi, ya daka, ya auna ɗan mitsitsi, ya kuma ce a tsai da maganin da zarar ya taɓa fitsari ko ciki ko bugun jini. Duk da haka ya rubuta waɗanda abin ya ɓaci a kansu. Ƙarfin ganye yana bambanta daga gona zuwa gona, daga wata zuwa wata. Ko ɓawon itacen sinkona, wanda aka ciro kwinin daga gare shi a Faransa a 1820, kuma Dokta Baikie ya kare ma'aikatan jirginsa da kwinin ɗin a tafiyarsa ta Kwara da Binuwai a 1854, wani irinsa kwinin ɗin cikinsa kaɗan ne ƙwarai, zane kuwa ba zai nuna maka wannan ba. Gyaran kuskuren nan shi ne a karanta tsohon bayani a matsayin tarihi, a nemi abin da binciken yau ya ce kan tsiron da sunansa na yanzu, a kuma tambayi likita ko masanin haɗa magunguna, musamman ga mai ciki, mai shayarwa, jariri, da mai shan maganin hawan jini, suga ko zuciya.

Karanta awo ba daidai ba

Masu haɗa magani na da suna da nasu ma'auni. A tsarin Ingila, granum, da ake taƙaitawa gr., miligiram 65 ne kusan, kuma mutane da yawa sukan karanta shi giram, wato sun ninka awon sau goma sha biyar. Granum 20 ne scrupulus ɗaya, alamarsa ℈, giram 1.3. Uku daga cikinsa ne drachma, alamarta ʒ, giram 3.9. Drachma takwas ne oza ta masu magani, alamarta ℥, giram 31.1, wadda ta ɗara ozar kasuwa mai giram 28.35. Alamomi biyun ƙarshe lanƙwasa ɗaya ce ta raba su, kuma a tsohon bugu da tawada ta baje ko hoton da bai fito ba suna zama abu ɗaya, alhali ɗaya ta ninka ɗaya sau takwas. Adadin yana bin bayan alamar da lambobin Rum, harafin i na ƙarshe kuma a rubuta shi j, wato ʒij drachma biyu ne, ss kuma rabi. Sauran ƙasashen Turai suna da nasu nauyin kafin a koma giram. Littattafan ɗibbu na Larabci da malamanmu ke karantawa su ma haka ne, dirhami da miskali suna bambanta daga gari zuwa gari da zamani zuwa zamani. Sanin waɗannan don fahimtar rubutu ne, kada ya zama izinin aunawa a sha.

Sayen sabon bugu da sunan tsoho

Madubin ƙara girma mai ninki goma da fitilar hannu sun isa su warware yawancin shakku. A ƙarƙashin madubin, bugun zamani yana tarwatsewa zuwa ƙananan ɗigo masu launi huɗu, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, a jere kamar raga ko a warwatse kamar feshi. Sassaƙen jan ƙarfe layuka ne tsayayyu, tawadar ta ɗan tasa, kuma akwai sawun gefen farantin da ya nutsa cikin takarda kewaye da zanen. Sai dai ana iya ƙirƙirar wannan sawu, don haka shi kaɗai bai isa ba. Bugun katako yawanci yana da rubutu a bayan shafin, tunda tare da haruffa ake buga shi. Bugun dutse, wanda aka ƙirƙiro a Jamus a ƙarshen shekarun 1790, ba ya da sawun faranti, kuma shahararren littafin Köhler na 1887 da hotunansa suka fi yawo a intanet da bugun dutse mai launi aka yi shi. In an ce maka zanen dutse na 1700 ne, magana ta ƙare.

A ɗaga takardar a haske. Ta kafin wajen 1800 yawanci tana da siraran layuka a jere da wasu masu tazarar santimita biyu zuwa uku da suka ratsa su, wani lokaci da tambarin mai takarda. A haska fitila daga gefe, launin hannu yakan ɗan wuce layi, kuma wurare masu duhu sukan yi ƙyalli saboda ƙaron da aka shafa, irin wanda Turawa ke saye daga Senegal da Sudan. Ƙananan kalmomin ƙasa ma suna magana: del. wanda ya zana, sc. wanda ya sassaƙa, lith. wanda ya yi na dutse.

Adanawa ta hanyar da ke kashe takarda

Babban laifi shi ne kai zane shagon kwamfuta a yi masa laminatin. Zafi da gam suna shiga cikin zaren takardar, ba kuma a iya cirewa. Na biye da shi salatif, wanda ke bushewa ya faɗi ya bar tabo mai ruwan ƙasa har abada. Kada a manna zane a kwali, kada a gyara gefensa da almakashi, kada a naɗe shi, kada a rubuta masa komai da biro. In dole ne, fensir mai laushi a baya. Jajayen ɗigon tsufa a bar su, ruwan wanke tabo yana cin takarda da launi tare.

A kwantar da kowane zane cikin faifan takarda marar asid, da siririyar takarda tsakaninsa da na gaba, a sa a akwati, a ɗora a kan kanta nesa da ƙasa da bango saboda gara. Yanayinmu yana da wuya ga takarda, damina ta jiƙa ta, hunturu ya busar da ita har ta yi ƙaras. Danshin da ake so tsakanin kashi 40 da 55 cikin ɗari ne, in ya haura 65 fumfuna takan kama. Ɗaki na tsakiyar gida ya fi wanda kwano ke gasawa, kuma a riƙa buɗe akwatin duk wata a duba ƙwari, musamman daga Yuli zuwa Satumba. In za a sa a firam, a sa kwali mai taga tsakanin zanen da gilashi don kada su haɗu, a rataye shi inda rana ba ta kai. Gidajen tarihi ba sa wuce haske mai ƙarfin lux 50, wato haske ɗan kaɗan, ga irin wannan aiki, kuma ba sa barinsa a bango shekara da shekaru. Mafi sauƙi a ɗauki hotonsa mai kyau, a buga, a rataye kwafin.

Idan shakka ta ƙi ƙarewa

A kai tsiron ga masana. A yanko reshe mai tsawon santimita 30 zuwa 40 da fure ko 'ya'ya, a shimfiɗa shi cikin tsohuwar jarida, a juya ganye ɗaya ko biyu don bayansu ya fito, a danne tsakanin katako biyu da abu mai nauyi. A sauya jaridar kullum a kwana ukun farko, in ba haka ba zai yi baƙi ya ruɓe, daga nan duk bayan kwana biyu har ya bushe. A rubuta gari, rana, tsayin itacen, launin furen tun yana ɗanye, ƙamshi, da sunan da mutanen wurin ke kiransa da irin amfanin da suke yi da shi. Ma'ajiyar busassun tsirrai ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna da samfuran da ake kwatantawa da su, haka ma sassan nazarin tsirrai na jami'o'i da dama. A tafi da hoton zanen cikakke, da sunan ƙasa, da lambar shafi, da ƙananan zanen fure da iri, ba a yanke komai ba.